Ko Na'ura Tana Iya Karanta Hali?

Idan maganar aure ta taso a Toranke, ko Ajingi, ko Gaya, kafin a kai ga yanka sadaki sai magabatan yarinya su tura amintaccen mutum ya bi maƙwabta da abokan ciniki yana tambaya, ko yaron mai haƙuri ne ko mai saurin fushi, ko yana riƙe amana ko kuwa, domin a wurinmu ba a sanin hali sai da zama. Malaman da sun yi burin gajarce wannan hanya, har Imam Fakhruddin Razi ya wallafa littafi a kan ilmin firasa, watau gane ɗabi'ar mutum daga siffar jikinsa. Masanan zamani su ne suka gaji wannan buri, illa dai su cikin kai suke leƙawa.

Asalin al'amarin, a 1990 wani masani mutumin Japan, Seiji Ogawa, ya gano cewa na'urar hoto ta MRI tana iya nuna sauyin iskar da jini ke ɗauke da ita a cikin ƙwaƙwalwa, kuma da yake sashen da ya duƙufa ga aiki jini yakan ƙaru a wurinsa, sai aka sami hanyar ganin aikin ba tare da an tsaga kai ba. Akan kwantar da mutum a cikin bututun na'urar, a toshe masa kunnuwa saboda ƙararta, a gargaɗe shi kada ya motsa kai ko kaɗan, a bar shi da tunaninsa. A 1995 Bharat Biswal ya nuna cewa ko a wannan hali na hutu, sassan da ke nesa da juna sukan tashi tare su kwanta tare. Daga nan ake hukunta cewa akwai alaƙa tsakaninsu, kamar wanda ya lura duk Juma'ar da kasuwar Wudil ta cika tashar Gaya ma takan cika, ya tabbatar garuruwan suna da hulɗa alhali bai taɓa bin titin ba.

A 2015 Emily Finn da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka suka duba mutum 126, suka tarar tsarin waɗannan alaƙoƙi ya keɓanta ga kowa, har ana iya tsamo mutum daga cikin jama'a da shi fiye da sau tara cikin goma. Zukata suka kwaɗaitu da karanta hali ta wannan hanya. Amma da Julien Dubois ya gwada a 2018 da mutum 884, ya auna su da mizanin ɗabi'u biyar da masanan Turai da Amurka suka dogara a kansa, watau son sabon abu, da tsare aiki, da son shiga jama'a, da sauƙin kai, da yawan damuwa, ta farko kaɗai ya iya hasashenta daga hoton, ita ma da rauni. Sannan a 2022 Scott Marek da jama'arsa, bayan sun tattara hotunan mutum wajen 50,000, suka bayyana a mujallar Nature cewa galibin binciken baya da mutum kamar 25 aka yi shi, alhali kuwa natijar ba ta tabbata sai da dubbai.

Ni a ganina, babbar mas'alar tana ga mizanin. Halin da ake gwamawa da hoton daga takardar tambayoyi ake samunsa, wadda mutum ke cikawa da kansa game da kansa, kuma mafi yawan masu cikawar Turawa ne masu ilmin boko. Lokacin da wani masani mai suna Kirk-Greene ya ƙididdige siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya sa kunya a jere da gaskiya da amana da karamci. To, matar da ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko saurayin da ke sunkuyar da kai gaban surukinsa, a wane gurbi takardar za ta aje su, in ba na tsoron mutane ba? An jarraba mizanin nan a 2013 a tsakanin ƙabilar Tsimane ta Bolibiya, manoma da mafarauta, ɗabi'un biyar ba su fito ba, biyu aka samu: kyautata wa jama'a da himmar aiki.