Tabon da ke ƙarƙashin kallabi

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ya zarce Agye da Gazawa, da wuya ya ga kan mace baliga a buɗe. Kallabi da mayafi su ne suturarmu, kuma abin yabo ne. Sai dai akwai cutar da ta samu maɓoya a ƙarƙashin wannan sutura, har takan shekara biyar ko goma a cikin gida, maigida bai sani ba, kishiya ba ta sani ba. Wadda ta sani ita ce makitsiya. Ita ce ke fara ganin tsakar kai ta soma yin fili, sai ta jawo gashin gefe ta rufe wurin, ta yi shiru don kara. A wajen maza kuwa wanzami ne ke ganin ƙurajen ƙeya, shi ma ya bi ta kansu da aska ya wuce.

Abin da muke so masu karatu su riƙe shi ne, zubar gashi iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai nisa ƙwarai. Manoman Agye sun fi kowa gane wannan bambanci. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa mayar da itatuwa cikin gonakinsu, a wurare irin su Ɗan Saga, ba tare da sun dasa ba: kututturen da aka sare, muddin saiwarsa na da rai a ƙasa, in an kula da tohonsa sai ya sake zama itace. Amma inda aka tumɓuke saiwar, ko damina nawa za a yi, babu abin da zai fito. Haka gashi yake. Mutum na da saiwar gashi wajen 100,000 a kansa, da su aka haife shi, jiki ba ya ƙera sababbi. Zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba cuta ba ce. Matar da gashinta ya zube wata 2 ko 3 bayan haihuwa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, ko mai ƙarancin jini, duk saiwarsu na nan, gashi zai dawo in jiki ya murmure. Ɗayar zubar kuwa ita ce wadda kumburi ke cin saiwar kanta, har nama mai tauri ya maye gurbinta, wato tabo. Inda tabo ya zauna gashi ya tafi ke nan.

Ana iya gane wurin da ido. Fatar takan yi sumul, tana sheƙi, ba a ganin ƴan ramukan da gashi ke fitowa ta cikinsu. Kafin a kai ga haka, kai yakan yi gargaɗi: ƙaiƙayi, raɗaɗi kamar an shafa barkono, zafi in an taɓa, ƙuraje masu ruwa, ko gashin tsakar kai ya riƙa kakkaryewa ba dalili. Wani lokaci kuma babu ciwo ko kaɗan, filin kawai ke ƙaruwa. Tsakanin wannan gargaɗi da zaman tabo akwai watanni, wani sa'in shekaru, kuma a cikinsu ne kaɗai magani ke da abin da zai ceta.

A ƙauyukanmu abin yakan fara tun ana yara. Makero, wanda in ya ci kai ya bar fili ake ce masa ƙora, ya zama ruwan dare a makarantun allo da lakwal, har iyaye sun daina ɗaukarsa cuta. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana bin aska ɗaya da aka yi wa yara goma aski da ita, da hula, da mataji, da tabarmar kwana. Yawancinsa yakan warke ba tabo. Amma akwai wanda kan kumbura ya yi tudu, yana fitar da mugunya kamar maruru, sai a kai yaro wurin wanzami ya tsaga. Tsagar ba ta warkar da shi, domin ba maruru ba ne, tana ƙara masa miki ne kawai. Man shafawa ma bai isa ba, saboda ƙwayar na cikin silin gashin, inda mai ba ya kaiwa. Maganinsa na sha ne, girizewofulbin, wanda likitoci ke aiki da shi tun 1958. Ana shansa kullum har mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo, kamar madara ko miya mai man gyaɗa, don ya ratsa jiki. Uban da ya sayi na kwana goma ya tsaya, don ya ga wurin ya bushe, ya yi asarar kuɗinsa. Akwai dattawa da yawa a kasuwanninmu da ba su cire hula ko da zafin bazara, alhali abin da ya raba su da gashi tun suna ƴan shekara bakwai, wata biyu na magani ya ishe shi.

A wajen mata, abu na farko shi ne ja. Kitson da aka ɗaure tamau har yarinya ta kasa runtse ido, ko ta kwana biyu da ciwon kai, yana tsige saiwa a hankali, musamman a goshi da saman kunne. In an ƙara masa nauyin gashin doki, ko aka yi shi a kan gashin da aka miƙar da man kanti, abin ya fi muni, domin da yawa daga cikin waɗannan mayuka da soda ake haɗa su, irin wadda ake yin sabulu da ita. Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba kawunan jama'a a unguwar Langa ta birnin Kef a Afirka ta Kudu, suka buga sakamako a 2007: mata 31.7 cikin 100 na da wannan zubar ta gefen kai, ƴan mata ƴan makaranta kuwa 17 cikin 100. A farkonta tana warkewa in an sassauta kitso. In aka shekara ana ja, sai ta koma tabo.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ɓoyewa, wadda ke farawa daga tsakar kai tana buɗewa ta kowane gefe, kamar ruwan da aka ɗiga a zane. Tarihinta abin lura ne. A 1968 likitoci a Amurka suka bayyana ta a jikin mata baƙar fata 51, suka ɗora laifin a kan matajin ƙarfe mai zafi da matan ke miƙar da gashi da shi. A 1992 wasu suka ga matan da ba su taɓa aiki da wannan mataji ba suna da cutar, aka sauya mata suna. A 2001 aka tsaya kan sunan da likitocin fata ke taƙaitawa da CCCA. Sa'annan a 2019 wani bincike da aka yi da matan Afirka ta Kudu da na Amurka, wanda Farfesa Ncoza Dlova ta Durban na cikin masu yinsa, ya gano tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna PADI3 a jikin mata 14 daga cikin 58 masu cutar. Wato ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu, raunin gashin gado ne, kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata. Shekara guda kafin haka, likitocin jami'ar Johns Hopkins sun nuna cewa masu wannan cuta sun ninka sauran mata kusan sau biyar wajen samun ƙari a mahaifa, wanda shi ma nama ne mai tauri da ke tsirowa inda bai kamata ba. Shekara hamsin ana cewa mace ce ta jawo wa kanta da son kwalliya, kuma mu ma a nan abin da muke faɗi ke nan, in ba mu ce kishiya ce ta yi mata sammu ba. Kitso mai ƙarfi da man miƙar da gashi na iya tsananta cutar, wannan gaskiya ne, amma macen da uwarta da innarta duk tsakar kansu ta yi fili ba ta da laifin da za ta amsa. Gidaje nawa aka raba da zargin asiri a kan abin da yake cikin jini?

Maza su ma suna da nasu. Ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda kan haɗu su zama tudun nama marar gashi, binciken Langa ya same su a jikin maza 10 cikin 100. Askin ƙwal-ƙwabo da gogar wuyan riga suna tayar da su, kuma duk askin da ya fitar da jini ƙara su yake yi. Ma'aikacin da ke zuwa wurin mai aski kowace Juma'a gara ya ce a bar masa ɗan gashi a ƙeya, ya kuma tafi da na'urarsa ko rezarsa. Akwai sauran sanadi, kamar ƙunar wuta, da cutar lufus mai barin tabo fari-fari zagaye da baƙi, da wadda ke cin goshi da gira ga matan da suka daina al'ada, wadda wani likita a Ostiraliya ya fara bayyanawa a 1994.

To ina za a nufa? Tun bayan karyar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin magani ya yi tsalle, jama'a suka saba da magungunan tebur da na ƴan talla, kuma har yau ba a rabu da su ba. A ranakun Litinin da Juma'a a kasuwar Maraɗi za ka samu kwalabe iri-iri da hoton mace mai gashi har gadon baya. Muna faɗa wa ƴan uwanmu ƴan kasuwa, ba don mu ɓata cinikin kowa ba: babu man da ke tsirar da gashi a kan tabo, na kanti ne ko na gida. Man kaɗe da man shanu suna tausasa gashin da ke nan, suna rage karyewa, iyakarsu ke nan. Mafi haɗari su ne mayukan da ke ɗauke da kortizon mai ƙarfi, irin na masu canza launin fata. In aka shafa wa makero, sai ƙaiƙayi ya kwanta, cutar kuwa ta bazu. Kuma babbar asarar ba ta kuɗi ba ce, ta watannin da aka ɓata ana jarraba kwalba bayan kwalba, tabo na cin gaba.

Matakin farko shi ne gidan likita na kusa, ko asibitin gunduma a Gidan Rumji ko Agye, inda za a iya gane makero a ba da maganinsa. In abin na tsakar kai ne, ko ya ƙi jin magani, sai a nemi takardar zuwa Maraɗi, wajen kilomita 50 daga Gidan Rumji, a tambayi likitan fata. Asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi ya daɗe da sanin cututtukan fata ta dalilin aikin kuturta, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. Wani lokaci likita zai yanki ɗan guntun fata, faɗinsa milimita 4, a duba a na'ura don a san irin cutar. Kada a ji tsoro, da allurar kashe zafi ake yi.

Aikin magani shi ne kashe kumburi don a tsare abin da ya rage. Akwai kortizon na shafawa ko na allura a fatar kai, da awon likita. Akwai doksisikilin, wanda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Ga wasu cututtukan kuma idiroksikulorokin, ɗan uwan Nivaquine da muka sani, wanda mai shansa sai an riƙa duba masa ido. Minoksidil na ƙarfafa saiwar da ta raunana a bakin filin, ba ya tayar da matacciya. Duk wannan na watanni ne, sau da yawa shida ko fiye, kuma nasararsa ita ce a ga filin ya tsaya inda yake. Marar lafiyar da ba a yi wa wannan bayani ba tun farko za ta ce magani bai yi ba, ta daina, don tana jiran ganin gashi ya cika. Dashen gashi kuwa sai cutar ta kwanta shekara ɗaya ko biyu, yana da tsada, kuma ba kullum yake kamawa a kan tabo ba.

Wadda tabonta ya riga ya zauna, rayuwa ba ta tsaya mata ba. Cutar tsakar kai ba ta yaɗuwa ta mataji ko matashin kai, ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa, kuma ya kamata maigida ya ji wannan daga bakin likita, ba daga bakin dangi ba. Kallabin auduga mai laushi ya fi na roba da ake ɗaurewa tamau a wuri guda, kuma yana kare fatar daga rana, domin tabo ba ya jure ta. Mai ɗaukar kaya a ka ta kauce wa ɗora gammo a kan wurin da ke ciwo. In jinin al'adarta ya yi yawa, ko mararta na nauyi, ta faɗa wa likita a duba mahaifa. Ta kuma riƙa duba tsakar kan ɗiyanta mata duk ranar tsifa, ta hana a yi musu kitson da ke sa kuka.

Wayar hannu ma na da amfani a nan. Duk farkon wata, bayan an tsefe, ƴar uwa ko makitsiya ta ɗauki hoton tsakar kai a wuri ɗaya, da hasken rana, a ajiye. Hoto uku a jere ya isa ya nuna ko filin na ƙaruwa, kuma shi za a miƙa wa likita ranar da aka isa Maraɗi.