Sirrin Harshe a Bakin Teku: Kimiyyar Haɗa Abinci da Abin Sha

A arewa maso yammacin Faransa akwai wani ƙaramin gari na masunta mai suna Kankal, wanda ya shahara wajen kiwon kawa. Baƙi kan zauna a gidajen abincin da ke jere a bakin ruwa, suna ci a natse, suna kallon teku tana cika tana janyewa. Da wuya a kawo kifi ko kawa ba tare da yankin lemon tsami ba, galibi kuma da farar giyar inabi mai tsami-tsami. Ita kuwa jar giya, akan ajiye ta sai an zo cin nama. Wannan al'ada tana da daraja a wurinsu ƙwarai: a shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin liyafar Faransawa cikin abubuwan gadon ɗan Adam, kuma dacewar abinci da giya na cikinsa. To, shin al'ada ce kurum, ko kuwa da dalili a kimiyyance?

Amsar ta fara ne daga jikin kifi. Kifin teku yana tara wani sinadari a tsokarsa wanda ke taimaka masa jure wa gishirin ruwa. Idan ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sukan mai da sinadarin ya zama tirimetilamin, wanda ke tashi cikin iska ya isa hanci. Shi ne babban tushen ƙarnin kifi. Da zarar tsami ya taɓa shi, sai ya rikiɗa ya zama wani nau'in gishiri da ba ya tashi, ƙarni ya kwanta. Aikin da tsamin farar giya ke yi ke nan, kuma lemon tsami ma shi yake yi.

Me ya sa jar giya kan ɓata cin kifi? A 2009, Takayuki Tamura da abokan aikinsa a ƙasar Japan sun gwada jar giya iri 38 da fara iri 26 tare da naman wani ɗan uwan kawa. Sai suka gano cewa gwargwadon yawan sinadarin ƙarfe a cikin giya, gwargwadon ƙarnin da ke saura a baki, domin ƙarfen yana lalata kitsen abincin teku nan take, ya saki wari. Ashe laifin na ƙarfe ne, ba na launi ba.

Sai kuma batun nama. Jar giya tana da bauri, irin wanda mai cin goro ya sani. Sinadarin tanin da ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa ne ke kama furotin na miyau, sai miyau ya rasa santsinsa, baki ya yi kamar ya bushe. Kitse kuwa akasin haka yake yi, yana lulluɓe baki da maiƙo. A 2012, Paul Breslin na Jami'ar Rutgers a Amurka da abokan bincikensa sun nuna cewa bauri da maiƙo suna rage kaifin juna. Abin lura shi ne, da shayi suka yi gwajin: waɗanda suka riƙa kurɓar shayi tsakanin lomomin nama mai kitse sun fi jin maiƙo ya ragu a kan waɗanda suka kurɓi ruwa. Wanda ya bi tsire da shayi mai kauri, wannan ƙa'ida yake bi ko da bai sani ba.

Mai karatu zai lura cewa a duk bayanan nan tsami da tanin da ƙarfe ne ke aiki, ba a ambaci sinadarin da ke sa maye ba. Wannan kuwa muhimmin abu ne, domin tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa mutum ciwon daji, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Malami na iya nuna wannan darasi a aji ba tare da tsadar kaya ba. A raba ɗanyen kifi gida biyu, a matse lemon tsami a kan ɗaya, ɗalibai su shinshina su kwatanta. Sannan su ci ƴar gyaɗa soyayya, wasu su bi da ruwa, wasu da shayin da ba madara, kowa ya rubuta abin da bakinsa ya ji. Daga nan sai a tambaye su: ina tsamiya da zoɓo za su faɗa a wannan lissafi?