Jinin mai ciki na magana tun ƙafa ba ta kumbura ba

Jama'ar Nima da Mamobi da sauran zangonni, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako.

'Yar'uwa mai juna biyu, akwai hawan jinin da kan zo bayan ciki ya wuce mako 20. Awo zai nuna 140 bisa 90 ko fiye, a kuma ga furotin a fitsari. In aka bar shi, shi ke kai ga jijjiga. Sau da yawa likita ba shi da zaɓi sai ya ciro jariri kafin mako 37, a samu bakwaini.

To, daga ina matsalar take? Daga mabiyiya, wato uwar tafiya. Idan jijiyoyinta ba su kama mahaifa da kyau ba, sai sinadarin PlGF, mai taimaka wa jijiyoyin jini, ya ragu a jininki, wani mai suna sFlt-1, wanda ke toshe aikinsa, ya ƙaru. Wannan canji kan bayyana makonni kafin ki ji komai a jikinki. Amurka ta amince da gwajin a 2023.

Gaskiya gwajin nan bai yaɗu a asibitocinmu ba tukuna, amma darasinsa ya shafe ki: cutar na farawa a ɓoye. Kada ki jira ciki ya fito kafin ki je awo. A 2017 wani babban bincike ya nuna cewa ƙaramin asfirin, in an fara shi da wuri, ya rage irin wadda ke zuwa kafin lokacin haihuwa da kashi 62 cikin 100 a matan da ke cikin haɗari. Amma fa likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba.

Tun 2008 awon ciki kyauta ne ƙarƙashin inshorar lafiya ta Gana. Je ki asibitin Mamobi tun watanni uku na farko. Faɗa wa nas in cikin fari ne, ko kina da ciwon suga, ko mahaifiyarki ta taɓa jijjiga.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama: kada a tsaya jiƙo, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Maigida, kuɗin mota a wuyanka yake.

Allah Ya sauke ku lafiya.