Faɗa-wutar da aka san da zamanta tun ba a gan ta ba

A shekarar 1862, an aika wa masanin halittu na ƙasar Ingila, Charles Darwin, wani farin fure daga tsibirin Madagaskar. Irin furannin da ake kira orkide ne, sunansa na ilimi Angraecum sesquipedale. Abin mamaki a jikinsa shi ne wani siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 30, wanda ruwan zaƙi ke kwance can ƙarshensa.

Darwin ya yi nazari, ya ce tilas akwai wata faɗa-wuta a dazuzzukan tsibirin mai harshen da zai iya kaiwa ga ruwan nan. Wasu masana suka yi masa dariya. Ya rasu a 1882 bai gan ta ba.

Sai a 1903 Walter Rothschild da Karl Jordan suka bayyana wata faɗa-wuta ta Madagaskar mai dogon harshe, suka laƙaba mata suna praedicta, wato wadda aka faɗi labarinta tun da wuri. Duk da haka, sai a 1992 wani Bajamushe, Lutz Wasserthal, ya shaida tana shan ruwan furen da dare, shekara 130 bayan maganar Darwin. A 2021 masana suka tabbatar da cewa jinsi ce mai zaman kanta, Xanthopan praedicta. Harshenta yakan kai santimita 28. Idan tana tashi sai ta naɗe shi kamar gammo.

Tsakaninta da furen ciniki ne na ban gishiri in ba ka manda. Kafin ta kai ga ruwan, dole ta matso har garin furen ya manne a gindin harshenta, ta kai shi ga wani furen, shi kuma ya yi iri. Furen da bututunsa ya fi tsawo shi ya fi samun wannan aiki, faɗa-wutar da harshenta ya fi tsawo ita ta fi ƙoshi. Da haka, a cikin dogon zamani, kowane ya ja ɗan'uwansa.

Amma cinikin yana cikin haɗari. Daga 1953 zuwa 2014, Madagaskar ta rasa kashi 44 cikin ɗari na dazuzzukanta, galibi saboda sara da ƙone daji don noma. Furen da ya rasa mai kai masa gari zai ci gaba da buɗewa kowace shekara, amma ba zai bar magaji ba.