Doguwar Jinya da Rashin Barci

Masu zuwa asibiti karɓar maganin wata-wata, wato masu hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, asma, sanyin ƙashi ko ƙanjamau, sukan kawo kukan ciwon kai, jiri da kasala. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne ba sa samun barci. Sai an tambaya tukuna mutum ya ce, "Ai ni da barcin kirki tun kafin damina." Wasu suna ganin tsufa ne, wasu kuma suna ganin ba maganar da za a kawo gaban likita ba ce. Alhali kuwa maganar asibiti ce, kuma sau da yawa tana da gyara.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare. Lokacin barci jini yakan sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zuciya ta huta. Wanda ba ya barci, jininsa ba ya samun wannan saukar. Sukarinsa yakan yi wuyar daidaitawa, ciwon jiki ya ƙaru, ya riƙa manta shan magani. Tsoho yana iya faɗuwa ya karye, mai tuƙa babur kuma yana iya gyangyaɗi a kan titi. Ciwo yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara ciwon, saboda haka dole a nemi inda za a tsinke igiyar.

Fara da neman dalili

Rashin barci alama ce, kamar zazzaɓi. Kafin a yi zancen magani sai a san abin da ke tashin mutum. Ga waɗanda muka fi gani a nan Jambutu da ƙauyukan da ke kewaye da Garwa.

Ciwon sukari. Idan sukarin jini ya wuce kamar giram 1.8 a lita, ƙoda takan zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya jawo ruwa tare da shi. Shi ya sa mutum yake tashi fitsari sau huɗu, sau biyar, ga ƙishirwa. Maganin wannan shi ne a gyara sukarin. Hana kai ruwa ba zai taimaka ba. Akwai kuma akasin haka: mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, idan ya kwana bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa da tsakar dare. Zai farka jiƙe da zufa, jiki na rawa, zuciya na bugawa, ga yunwa. Ya tsotsi ƙwayar sukari 3 ko ya sha ruwan sukari nan take, ya ci wani abu a kai, gobe kuma ya zo asibiti a duba yawan maganinsa. A ajiye sukari kusa da wurin kwanciya, mutanen gida su san inda yake. Wasu masu sukari kuma tafin ƙafarsu ke zafi da dare kamar an zuba barkono. Jijiyoyi ne suka taɓu. Akwai maganinsa a asibiti. Kada a gasa ƙafar a wuta ko a tsoma ta a ruwan zafi, domin tana iya ƙonewa mai ita bai ji ba.

Ciwon zuciya. Idan zuciya ta yi rauni, ruwa yakan taru a ƙafafu da rana. In mutum ya kwanta, ruwan ya koma ƙirji, numfashi ya yi wuya, ya farka yana neman iska. A ɗaga kai da ƙirji da matashin kai biyu ko uku, ko a jingina da buhu a bango. Da la'asar a ɗora ƙafafu a kan kujera na awa ɗaya. A rage gishiri da dunƙulen miya. Wanda ya ga kullum yana ƙara matashin kai kafin ya iya barci, ciwon ne ke ƙaruwa, kada ya jira ranar da aka rubuta masa.

Asma da tari. Asma ta fi tashi da dare da kuma gab da asuba, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ta cika gari. Hayaƙin itace, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna tayar da ita. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya shimfiɗa a rana, abin shaƙa kuma ya kwana kusa da hannu. Idan asma tana tashin mutum da dare ko da sau ɗaya a mako, maganinsa yana bukatar gyara. Tarin da ya wuce mako 2, tare da zufar dare da rama, a kawo majina a gwada ko tarin fuka ne.

Ciwon gaɓoɓi, baya da amosanin jini. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi kafin kwanciya. Mai ciwon baya ya kwanta ta gefe, ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Babban mutum yana iya shan farasitamol ƙwaya 2 na miligiram 500, amma kada ya wuce sau 3 a rana, mai ciwon hanta kuma ya tambaya tukuna. Diclofenac da ibuprofen da ake saya a kasuwa suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Mai hawan jini, mai sukari da mai gyambon ciki su bar su, sai in likita ne ya rubuta. Mai amosanin jini ya rufa sosai da sanyi, ya kuma sha ruwa da yawa ko da zai tashi fitsari.

Ƙwannafi. A ci abincin dare awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, a rage mai da yaji, a kwanta ta gefen hagu, kai a ɗage.

Minshari mai yankewa. Wannan mai gida ko uwargida ce za ta lura. Mutum yana minshari mai ƙarfi, sai numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya zabura. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana yana ta gyangyaɗi. Ya fi samun masu ƙiba, kuma yana cikin abubuwan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani. Kwanciya ta gefe, rage ƙiba da barin giya suna taimakawa. Ƙwayar barci tana ƙara masa haɗari.

Wani lokaci lokacin shan magani ne

Maganin fitar da ruwa, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, da safe ake sha. Wanda ya sha da dare zai kwana yana zirga-zirga zuwa bayan gida. In an rubuta furosemide sau biyu, na biyun kada ya wuce la'asar.

Prednisolone yana hana ido rufuwa, shi ma da safe ake sha, bayan an ci abinci.

Captopril da enalapril suna sa wa wasu busasshen tari mai hana barci. Akwai wasu magungunan hawan jini da za a iya musanya su da su.

Tun shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fifita maganin ƙanjamau mai ɗauke da dolutegravir, wanda ake kira TLD. Magani ne mai kyau, amma yana hana wasu barci in sun sha shi da dare. Sau da yawa mayar da shi safe yakan wadatar. Tsohon maganin mai efavirenz kuwa yakan kawo mafarkai masu firgitarwa, musamman a makonnin farko.

Duk wannan ba dalilin daina magani ba ne. Kada ka tsayar, kada ka rage, kada ka sauya lokaci da kanka. Kawo dukan magungunanka cikin leda, har da na gargajiya, mu duba su tare.

Zafin Garwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Garwa yakan wuce digiri 40, bango da kwanon rufi kuma suna riƙe shi har tsakar dare. Jiki ba ya shiga barci sai ya ɗan huce. Yi wanka da ruwan randa kafin kwanciya. Yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma. Jiƙa zane, matse shi, ka rufa da shi ko ka rataye a taga. In a waje za ka kwana, ɗaura gidan sauro, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Mutanen bakin Binuwai da na wajen Lagdo sun san sauro ba ya ƙarewa a can ko da rani, zazzaɓin cizon sauro kuma yakan kayar da mai doguwar jinya fiye da mai lafiya.

Sha ruwanka da yawa daga safe zuwa la'asar, ka rage bayan magariba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda wanda aka ƙayyade wa ruwa ya bi abin da aka gaya masa.

Da hunturu kuma, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa.

Goro, shayi da giya

Goro, shayi, Nescafé da lemon kwalba baƙi duk suna ɗauke da sinadarin da ke kore barci. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jiki. Goron da aka ci da la'asar yana aiki har bayan isha. Ba sai an bari gaba ɗaya ba, amma daga azahar a dakata. Mai zaman shayi da abokai da dare ya nemi a dafa masa citta ko ganyen lemun tsami. Taba da asara su ma suna hana barci.

Wasu suna shan bil-bil ko giyar kwalba don barci ya zo. Giya tana sa barci da wuri, amma bayan 'yan awoyi sai ta tashe ka, ga fitsari, ga ƙishirwa. Tana ɗaga jini, tana kuma iya kayar da sukarin mai shan magani.

Ƙwayar barci ta kasuwa

Masu tallan magani suna sayar da diazepam, wanda aka fi sani da Valium, ga duk wanda ya miƙa kuɗi. Daren farko yakan yi aiki. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa, in kuma babu ita barci ba ya zuwa sam. Tana sa tsofaffi jiri da faɗuwa, tana rage numfashin mai ciwon ƙirji, in ta haɗu da giya ko tramol tana iya kisa. Tramol shi ma yana rikita barci, yana kuma jawo farfaɗiya in an sha da yawa. Wanda ya daɗe yana shan ɗaya daga cikinsu kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ya zo a rage masa sannu a hankali. Ba za a yi masa faɗa ba, ba kuma za a ji maganarsa a waje ba.

Idan tunani ne

Doguwar jinya tana zuwa da lissafi: kuɗin magani, kuɗin mota, gonar da ba a nome ba, kuɗin makarantar yara. Da rana aiki yakan rufe su, da dare su fito. Zaɓi lokaci da yamma ka zauna da wanda ka amince da shi, matarka, ɗan'uwanka, limaminka ko fastonka, ku yi maganar abin da ya dame ka, ku tsayar da abu ɗaya da za a yi gobe. In ka kwanta, yi addu'arka, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali, kamar sau goma.

Wanda yake farkawa tun kafin zakara ya yi cara, zuciyarsa a ɓace, abinci ba ya masa daɗi, ba ya son ganin mutane har sama da mako 2, yana iya zama ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar sauran, ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Yana da magani.

Ɗabi'un da ke dawo da barci

1. Tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko da daren bai yi daɗi ba.
2. Fita hasken safiya, ka yi tafiya ko ɗan aiki gwargwadon ƙarfinka.
3. Barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma kafin ƙarfe 3.
4. Kada ka kwanta sai ka ji barci. Ajiye waya da rediyo.
5. In ka yi kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a wuri mai duhu-duhu. In ka ji ya zo ka koma.
6. Tsoho ya ajiye tocila da bokiti kusa. Mai shan maganin hawan jini ya fara zama a bakin gado kafin ya miƙe.

Waɗannan ba sa aiki dare ɗaya. A ba su mako 2 zuwa 4.

Ga masu jinya

Matar da ke kwana a zaune kan mijinta, ko 'yar da ke kula da tsohuwarta, ita ma tana bukatar barci. Dangi su raba dare, ko a karɓe ta kwana biyu a mako. Maƙwabta da 'yan'uwa masu zuwa gaisuwa su zo da yamma, su tashi da wuri.

Kada a jira gari ya waye idan:

- numfashi ya gagara ko da mutum yana zaune;
- ƙirji ya ɗaure yana ciwo, da zufa;
- baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu da ƙafa sun mutu;
- mai sukari ya rikice ko an kasa tashinsa. Kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a kawo shi;
- mutum yana maganar kashe kansa.

A kai shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Yanki na Garwa a daren nan.

Kafin ranar awonka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwana 7 kafin ka zo, rubuta a bayan katinka, ko ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka: ƙarfe nawa ka kwanta, sau nawa ka farka, me ya tashe ka, ƙarfe nawa ka sha kowane magani, goro ko shayi nawa ka sha. In ka shigo, ko ba a tambaye ka ba, ka ce, "Ba na barci." Daga nan za mu fara.