Riƙon Yara Bayan Saki: Yaushe Ake Sauya Hannu?

Hutun makaranta da bikin Sallah su ne lokutan da rigimar riƙon yara ta fi tashi a Kaduna. Uba ya aiko daga Kawo a kawo masa yara su yi masa kwana biyu, hutu ya ƙare, uwa tana Unguwar Shanu tana zuba ido, sai saƙo ya iso cewa an riga an sa su wata makarantar. Daga nan sai sammaci, sai zaman benci a Kotun Shari'a ta Magajin Gari.

Yawancin mazan da ke yin haka sun yi imani haƙƙinsu suka karɓa, domin a al'ada ɗa na uba ne, da an yaye shi ko ya ɗan tasa sai ya koma gidansu. Wasu ma shekara bakwai suke kafa hujja da ita, alhali wannan iyakar ta wasu mazhabobi ce. Kotunan Shari'a da aka kafa a jihar a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, da fiƙihun Malikiyya suke aiki, irin na Risala da Mukhtasar na Khalil. A can kuwa uwa ce ke da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Ci da tufafi da wurin kwana suna wuyan uba, kuma yana da ikon bibiyar tarbiyya da karatun yaron, amma a hannun uwar zai kwana.

Wannan tsari yana iya sauyawa, sai dai da dalili. Mafi yawan dalilin shi ne sabon aure. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, har ta tare, haƙƙinta ya faɗi. A nan ne ake jin "ɗana ba zai yi agolanci ba." To amma faɗuwar haƙƙin uwa ba ta nufin yaron ya zama na uba kai tsaye. Kaka ta wajen uwa ce ke gaba, sannan 'yar'uwar uwar, kuma kakar wajen uba ma tana gaban uban a layi. Malaman sun duba wanda zai yi wa yaro wanka ya kwana da shi in zazzaɓi ya tashi, kuma kowa ya san a gidan uba sau da yawa wannan aikin matarsa ake bar wa. Akwai kuma abin da maza ba su cika sani ba: wanda ya san uwar ta yi sabon auren ya yi shiru har shekara ba tare da uzuri ba, ya rasa bakin magana. Su ma mata akwai nasu: a mashhurin mazhaba, wadda ta rasa reno saboda aure ba ya dawo mata don auren ya mutu, saɓanin wadda rashin lafiya ta hana, ita da ta warke za ta karɓi ɗanta.

Ƙaurar uwa ko uba ma dalili ce, idan ta zama ce ba ziyara ko fatauci ba, kuma ta kai baridi 6, wato sama da kilomita 100. Komawa Zariya bai kai ba, Abuja da Kano sun wuce. An yi wannan awon ne a zamanin raƙumi, yau kuwa jirgin ƙasa daga Rigasa yana kai mutum Abuja ya dawo a yini guda, don haka ya dace alƙalai su auna nisan tare da maslahar yaron. Ita wannan maslaha ce Dokar Walwala da Kare Yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ta sa a gaba. Sakaci, duka da hana karatu duk suna iya sa a karɓe yaro, amma sai da shaidu. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa Babbar Kotu ce tasu, ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

Inda aka fi yin sake shi ne ziyara. A rabu a kan "duk lokacin da ya so ya zo ya gan su," maganar da ba ta ɗaure kowa. Gara a rubuta: wane ƙarshen mako, Ƙaramar Sallah a wane gida, Babba a wane, wa zai ɗauko, wa zai mayar, nawa ne kuɗin ciyarwa. Jadawalin da ya dace da ɗan shekara 3 ba zai yi wa ɗan sakandare ba, kuɗin da aka yanka kafin cire tallafin mai a 2023 kuma yau ba ya kai mako biyu a gidaje da yawa. Duk wanda abin ya matse, ya koma kotun da ta yi hukuncin ya nemi a sake duba shi, in ma sulhu dattawa suka yi a kai a rubuta a gaban alƙali. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, marar kuɗin lauya kuma yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.