Leda: Baƙuwar da ta Kori 'Yan Gida

Kalmar "leda" aro ce daga Ingilishi, inda asalinta ke nufin jemammiyar fata. Abin takaici, mu da fatar jan akuyarmu ta Sakkwato ta yi suna har Turai, mu ne muka laƙaba wa jakar roba wannan suna. Tun saukar baƙuwar, sanho da burgami suka fara ɓacewa daga kasuwa, sunayensu kuma daga bakin 'ya'yanmu.

Ɓarnar ba ta tsaya ga harshe ba. Mai karatu, tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya, ka kuma dubi magudanun ruwa da damina. Irin wannan toshewa, da ambaliyar da take haddasawa, ta sa Bangaladash ta haramta leda a 2002. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017.

Mu dai ba sai mun jira doka ba. Maigida ya riƙa zuwa cefane da kwando ko jakar yadi, mai aiken yaro sayen ƙosai ta ba shi kwano. Da haka masu saƙar kaba za su sami ciniki, dabbobinmu kuma su tsira.

Allah ya sa mu gyara.